Labarin Tafiyata Zuwa Birnin Yauri

Tun muna 'yan makaranta a ke sa mu haddace sunayen Banza Bakwai, mu riƙa rera su kamar karatun allo: Zamfara, Kabi, Yauri, Nufe, Gwari, Kwararrafa da Yarabawa. Kabi mun san ta saboda Kanta, Nufe saboda aikin tagullar Bida, Zamfara kuwa ga ta nan maƙwabciya. Amma Yauri suna ne kurum a bakinmu. Da malami zai tambaye mu inda ta ke, sai dai mu nuna kudu da yatsa mu yi shiru. Saboda haka da wata hidima ta kai ni can cikin hunturu, na ƙudura ba zan komo ba sai na ga birnin da idona, in kawo wa masu karatun wannan shafi abin da na gani, duk da abin da na tarar cikin littattafan matafiyan da suka riga ni.

Mun tashi daga Sakkwato da asuba, muka bi ta Jega da Koko, muka ratsa ƙasar Shanga. Ba zan gajiyad da ku da labarin hanya ba. Da la'asar sakaliya muka hango wani farin abu shimfiɗe yamma da mu, yana ƙyalli cikin hazo. Na tambayi direba ko wane fili ne wancan. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba fili ba ne, Kwara ce."

Nan ya kamata in warware wani ruɗu da ke kama baƙo. Garin da 'yan mota su ke kira Yauri, inda fadar Sarki ta ke a bakin ruwa, sunansa Yelwa. Birnin Yauri kuwa, wanda mutanen ƙasar kan taƙaita su ce Bin Yauri, wani gari ne dabam, kimanin mil 8 ko 9 kudu maso gabas, a kan tudu. Akwai kuma mazauni na uku, tsibirin Ikum, a tsakiyar kogi. Watau cikin shekarun da ba su cika 50 ba sarautar Yauri ta zauna wuri uku: cikin ganuwa, sa'an nan tsakiyar ruwa, sa'an nan bakin ruwa. Dalilin waɗannan ƙaura biyu shi na bi diddiginsa kwanakin da na yi a can.

Washegari da hantsi na tafi ƙofar fada, na gai da dogarai, na zauna inuwa ina kallon masu shiga da fita. Wanda ya san Gidan Rumfa na Kano ko Gidan Korau na Katsina, girman ginin ba zai firgita shi ba. Sarkin Yauri Muhammadu Zayyanu Abdullahi, Allah ya ja zamaninsa, ya hau a 1999, bayan ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma ƙasarsa ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku na Jihar Kebbi, watau Yauri da Ngaski da Shanga. Abin da wannan fada ta ke da shi wanda waɗancan ba su da shi, shi ne in ka bar ƙofarta ka yi 'yar tafiya sai iskar ruwa ta buge ka, da ƙamshin kifin banda.

Kai, bakin ruwan Yelwa abin kallo ne! Jirage manya masu inji da ƙananan kwale-kwale jere kamar dawaki a turke. Ana sauke buhunan albasa da shinkafa, ana cinikin giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, waɗansu ɗanyu waɗansu an bandace su. Na tsaya ina saurare, na ji harsuna iri iri waɗanda ban taɓa ji ba. Ga Gungawa, ga Kambari, ga Dukawa da Shangawa da Lopawa, ga Sarkawa masunta, ga Nufawa da Yarabawa masu sarin kifi. In sun juya ga 'yan'uwansu kowa ya yi harshensa, in aka zo ciniki kuwa sai Hausa.

Wannan kasuwa ita ce ta fara karanta mini tarihin ƙasar. Hausawa ba su ne 'yan asalin Yauri ba. Sun tarad da Gungawa, waɗanda su ke kiran kansu Reshe. Mu ne muka sa musu Gungawa, domin gungu shi ne tsibiri, su kuwa a tsibiran Kwara su ke zaune, suna noma suna su. Labarin baka ya ce fatake ne daga Katsina suka zo suka zauna, har sarauta ta shiga hannunsu, ana kuwa ambaton Tafiraulu a farkon jerin sarakunan Hausa. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne, kuma ya fi kowa bin wannan tarihi, ya kai mafarin mulkin Hausawa a nan wajen 1425. Abin da ya jawo fatake ba ɓoyayye ba ne. Ayarin da ya fito daga Kano ko Katsina za shi Gwanja neman goro dole ya ƙetare Kwara, Yauri kuwa na ɗaya daga cikin mashigai. Mai riƙe da mashigi ba ya rasa fito. Amma mai fito ba shi ne mai jirgi ba. Jirgi da sanin ruwa na Gungawa ne. Tun farko ke nan sarautar tudu tana tsaye bisa kafaɗar mutanen ruwa.

Yauri ta bi Kabi tana ba ta gaisuwa tun ƙarni na 16 har tsakiyar ƙarni na 18. Da jihadin Shehu Usmanu ya zo, Sarki Muhammadu Albishir Ɗan Ayi bai tsaya ja-in-ja ba. Wajen 1810 ya miƙa wuya ga Gwandu, aka bar masa sarautarsa bisa amana. Waɗansu kan ɗauki wannan tsoro ne, ni kuwa hankali na ɗauke shi. A duba Kano da Katsina da Zazzau, a ga yadda aka yi da gidajen sarautarsu na dā, sa'an nan a duba Yauri, inda Bahaushe ya ci gaba da zama bisa gadon kakanninsa.

Rana ta uku na ɗauki hanyar Kontagora zuwa Birnin Yauri. Gari ne yau matsakaici a gefen titi, wanda mai sauri zai wuce bai san ya wuce wani abu ba. Sai da wani dattijo ya bi da ni bayan gari na ga abin da ya rage na ganuwa: tudun ƙasa mai tsawo, ruwan sama ya zaizaye shi, ciyawa da ƙaya sun rufe shi, karan dawa tsaye ciki da waje. Ba don an gaya mini ba, da na ce jigawa ce Allah ya halitta.

Na tsaya bisa tudun nan ina tuna abin da Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard Lander da ƙanensa John, suka rubuta sa'ad da suka shigo birnin a ƙarshen watan Yuni na 1830. Sun ce ganuwar doguwa ce mai kyau ko da ya ke ta ƙasa ce, tana da manyan ƙofofi 8, kewayenta kuwa sun ƙiyasta mil 20 zuwa 30. Wannan ƙiyasi ina jin sun zarce, domin ganuwar Kano kanta ba ta kai mil 20 ba, kuma mutumin da ke cikin gajiya da zazzaɓi komai yakan yi masa nisa. Amma ko an rage rabi, birni ne babba. Sun ga gidan Sarki da na manyan gari benaye ne, da matakala ta ƙasa. Sun ce mutanen birnin suna yin albarushi da sirada masu kyau, suna saƙa, suna noman baba da taba da alkama da albasa da shinkafa mai yawa. Albasar da na ga ana saukewa a Yelwa ashe tsohuwar sana'a ce. Sun kuma lura da wani abu da ya kamata a riƙe: talakawan da ke tsibirai da bakin kogi, waɗanda suka tara su duka suka kira Kambari, su ne masu aikin wahala, su ne kuma a ke tatsa.

Abin da ya kawo su Yauri takardun Mungo Park ne. Masu karatu da yawa sun san shi ta littafin Malam Nuhu Bamalli, Mungo Park Mabuɗin Kwara. Ya taso daga Sansandin, cikin ƙasar Mali ta yau, a watan Nuwamba na 1805, cikin jirgin da ya haɗa da hannunsa, yana so ya bi Kwara har inda ta ƙare. Da ya iso ƙasar Yauri a farkon 1806, sai jagoransa Amadi Fatuma ya sauka, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Bisa ga faɗar Amadi, Park ya ba hakimin bakin ruwa kyauta ya kai wa Sarki. Hakimin ya tambaya ko Baturen zai komo, aka ce ba zai komo ba, sai ya riƙe kayan, ya je ya gaya wa Sarki baƙon ya wuce ba ko gaisuwa. Sarki ya husata, ya sa aka ɗaure Amadi, ya aika da mayaƙa suka tare jirgin a duwatsun Busa, inda Park da mutanensa suka halaka cikin ruwa. Haka labarin ya shiga littattafan Ingila, ya kuwa ɓata sunan Yauri. Amma a tuna, bakin mutum ɗaya ne, mutumin da ya rabu da ubangidansa dab da mutuwarsa, wanda kuma ya san za a tambaye shi dalili. Irin wannan shaida alƙali ba ya yanke hukunci da ita kaɗai.

Shekara 20 bayan haka, da Clapperton ya zo Busa a 1826, Sarkin Yauri ya aika masa cewa akwai littattafan Park a hannunsa, ya zo ya karɓa. Clapperton bai je ba, ya wuce Sakkwato, inda ya mutu a 1827. Richard Lander shi ne baransa a wannan tafiya, wanda mutane suka laƙaba wa Nasara Ƙarami. Saboda wannan saƙo ne ya hau kogi daga Busa ya zo Yauri. Da suka iso, Sarki ya ce ba shi da ko takarda ɗaya. Abin da suka samu sai wata bindiga ta Park, wadda suka musanya da tasu.

Sa'an nan aka shiga wasan da ya fi ba ni dariya cikin dukan labarin. Sarki ya karɓi kayansu bashi, ya hana su tafiya, yau da wannan dalili gobe da wancan. Daga ƙarshe ya aiko musu da gashin jimina kaɗan, ya ce kyauta ce ga Sarkin Ingila, amma ya yi kaɗan ga babban sarki, sai su dakata har sabon gashi ya tsiro. Don ya tsiro da sauri kuwa dole a riƙa shafa wa jiminar man shanu, kuɗin man kuma daga cikin bashin da su ke binsa za a cire! Sun yi wajen mako biyar a birnin, sai da Sarkin Busa ya sa baki suka samu fita a farkon Agusta. Su dai sun rubuta shi a kan maha'inci. Ni kuwa ina ganin akwai abin da ba su hanga ba. Sarki ne da ke zaune bisa amanar Gwandu, ga yaƙin basasa na ci a Nufe kudu da shi, ga baƙi biyu sun zo suna tambayar inda kogi ya nufa, ga kuma jinin ɗan'uwansu da a ke zargin ƙasarsa da shi. Bai iya korarsu, bai kuma yarda ya sake su nan da nan ba. Sai ya yi abin da sarakuna kan yi, ya ja lokaci. Man shanun dai, wannan kam ba ni da abin kare shi. A watan Nuwamba na shekarar 'yan'uwan nan biyu suka fita teku ta bakin Kwara, suka warware tambayar da ta ci ran Park.

To, ina birnin da suka gani ya tafi? Na so in ce abokan gaba ne suka zo daga waje suka rushe shi, domin ya fi daɗin faɗi. Amma ba haka aka fara ba. A 1844 aka kori Sarki Jibrilu Gajere, 'ya'yan sarauta suka rabu, aka shiga yaƙin gida shekara da shekaru, wannan ya hau a tuɓe shi, wancan ya hau a kore shi. Ana cikin haka Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, ya zo ya kafa Kontagora gabas da su. Ɓangare ɗaya na masu neman sarauta ya jingina da shi. Wanda ya kira kura ta raba masa faɗa da ɗan'uwansa a kan akuya ya san abin da zai biyo. Nagwamatse da ɗansa Ibrahim bayansa suka cinye ƙasar tudu, suka kwashi Kambari da Dukawa bayi ba iyaka. Ganuwa mai ƙofa 8 ba ta tsare komai ba, domin masu buɗe ƙofar suna ciki.

A nan ne sarautar Yauri ta gudu cikin ruwa, ta zauna a tsibirin Ikum. Dokin Kontagora ba ya iyo da mahayi da sulke, jirgi kuwa yana hannun Gungawa. Ƙasar da dā ta ke da faɗi ta koma 'yan tsibirai da ɗan abin da ke bakin kogi. Ku duba wannan al'amari, jama'a. Mutanen nan da Lander ya gani ana tatsarsu, waɗanda ɗan birni ke yi wa kallon ƙauyawa, su ne suka ɓoye Sarki, suka ciyad da fada, suka tsare mashigi har hadari ya wuce. Ba don su ba, da yau Yauri gunduma ce cikin ƙasar Kontagora. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya fito da sarauta daga tsibiri. Bai kuwa koma tsohon birni ba. Ya zauna Yelwa, inda in an matsa masa jirgi na kusa.

Zamanin Turawa zan taƙaita shi. Sun ci Kontagora a 1901, hare-hare suka ƙare. A 1915 suka yi wani kuskure babba: suka tuɓe Sarki Jibrilu ɗan Abarshi, suka ɗora wani Bafillace mai suna Aliyu wanda ba ɗan gidan ba ne, suka kuma haɗa masa da ƙasar Busa. Mutanen Busa suka yi tawaye a shekarar. A 1923 aka cire Aliyu, sarauta ta koma gidanta, aka naɗa Abdullahi ɗan Jibrilu, ɗaya daga cikin sarakunan Arewa na farko da suka yi karatun boko, wanda ya riƙe ƙasar har 1955.

Saura ruwan. Rana ta ƙarshe na yi jinga da wani tsoho Bagunge ya shiga da ni cikin tabki. Wannan ruwa da a ke gani a Yelwa ba yadda Lander ya bar shi ba ne. A 1964 aka fara gina madatsar Kainji can kudu don samar da wutar lantarki, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya yi tabki mai tsawon kimanin mil 85, wanda kansa na arewa ya kai Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, duk da duwatsun da suka ci Mungo Park. Babban tsibirin Foge ya nutse, da tsibiran Gungawa masu yawa. An ta da mutum fiye da 40,000, aka gina musu sababbin ƙauyuka a tudu, ɗakunan siminti iri ɗaya a jere. Da yawa ba su ji daɗinsu ba, suka gina nasu na ƙasa a gefe.

Hasarar ba ta ɗaki ba ce kaɗai. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, na damina, mai laka, wanda ruwan saman ƙasarmu ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Masina a Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan garau cikin hunturu. Bagunge ya san ranar zuwan kowanne da ranar janyewarsa, da inda zai bar ƙasa mai taushi ta albasa. Wannan ilmi na kakanni ne, kuma da aka datse kogi sai ya zama ilmin wurin da babu shi. Wani Ba'amurke mai suna Frank Salamone, da ya zauna cikinsu bayan tashin, ya rubuta yadda Gungawa su ke rikiɗa suna zama Hausawa. Ni ma na ji da kunnena: jikan tsohon nan da ke riƙe da inji, kakansa na yi masa Gunganci yana amsawa da Hausa. A matsayina na Bahaushe ban san ko in yi murna ko in ji kunya ba. Wutar da aka ta da su dominta kuwa ta haskaka Ikko da Kaduna shekaru masu yawa kafin ƙauyuka da dama na bakin tabkin su gan ta.

Ana yin bikin Rigata a Yelwa, inda a ke tseren jirage da iyo a gaban Sarki, abu ne kuwa mai kyau, domin rana ce da fada ke juyowa ta dubi mutanen ruwa. Amma na ɗan lokaci ne. Sauran kwanakin shekara mutanen nan suna shiga tsofaffin jirage da kaya fiye da kima, bisa ruwan da kututturan itatuwan da aka nutsar ke tsaye a ƙarƙashinsa. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Mako uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, 'yan mata na ƙarshe ba su komo gida ba sai a 2023. Da wannan labari ne mafi yawan 'yan Nijeriya suka fara jin sunan birnin. Mahara sun sake fitowa daga dajin gabas kamar zamanin Nagwamatse, sai dai wannan karo ba ganuwa, tsibiran gudu kuwa da yawansu suna ƙarƙashin ruwa.

Da muka yi nisa, tsohon ya sa jikansa ya kashe inji. Ruwa ya yi tsit, baƙin ruwa ne, cike fal. Ya dubi wani dutse a gaɓar yamma, ya dubi wata kuka a gaɓar gabas, ya tura jirgin kaɗan da gora, sa'an nan ya nuna ƙasa.

Na ce, "Baba, me ke nan?"

Ya ce, "Garinmu, Malam. Nan aka yanke mini cibiya. Kabarin mahaifina yana wajen can, inda ka ga kumfan nan."

Na leƙa, ban ga kome ba sai fuskata da rawanina. Na tambaye shi ko yaron ya san wurin. Ya ce ya sha nuna masa, amma yaro da inji ya ke tafiya, ba ya duban dutse da kuka. Muka karanta Fatiha, yaron ya ja igiyar inji, muka juya Yelwa don in sami motar Sakkwato kafin azahar.